Riƙon kyanwa da kwikwiyo a gidan mahaifi: amsa ga wata ɗiya daga Birni

Assalamu alaikum, Inna. Ni budurwa ce, shekarata 23, ina zaune a gidan mahaifina a unguwar Birni, nan Damagaram, ina ɗinki a cikin gida. A damanar da ta wuce kabu-kabu ya take wata kyanwa a bakin layinmu, ta bar ƴaƴa uku a wani kango. Na kwaso su na raine su, biyu suka rayu. Tun daga nan duk abin da yaran unguwa suka tsinta sai su kawo mini, yanzu kyanwoyi biyar gare ni. Wasu matasa masu tausayin dabbobi da muke rukuni ɗaya a WhatsApp sun ce in zama mai ajiya, su tsinto in riƙe har a sami mai so. Satin da ya wuce kuma na ƙwaci wani kwikwiyo a hannun yara, sun ɗaura masa igiya a wuya suna ja. Na ɓoye shi a bayan madafa. Baba bai sani ba, kuma ya sha faɗa cewa muddin yana raye kare ba zai kwana gidansa ba. Matar yayana tana da ciki, tana cewa kyanwa na zubar da ciki. A unguwa ma an fara cewa wai ba ni kaɗai ba ce, da aljannu a kaina. Inna, in amsa wa matasan nan? Yaya zan yi da Baba?

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki taushin zuciya. Abin da kike yi aikin lada ne, kuma ba ni na faɗa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Da sahabbai suka tambaya ko a dabba ma akwai lada, Manzon Allah (SAW) ya ce akwai lada a kowace hanta mai danshi, wato duk mai rai. Su dai suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Wannan hadisi na biyu shi nake so ki fi riƙewa, domin yana magana ne da wanda dabba ta riga ta shiga hannunsa. Daga ranar da kika ɗauke ta daga kango, cinta da shanta da lafiyarta sun hau wuyanki. Saboda haka amsata ita ce: ki amsa, amma ki amsa iyakar abin da za ki iya saukewa, kuma kada dabba ta shigo sai kin san ƙofar da za ta fita.

Mu fara da kwikwiyon, shi ne ba ya jira. Ki gaya wa Baba yau. Kwikwiyo ba ya ɓoyuwa, kukansa na dare zai tona ki, kuma ranar da Baba ya gane da kansa, ba kwikwiyon kaɗai zai kora ba, har kyanwoyin da ya kawar da kai a kansu. Gidansa ne, kuma maganarsa tana da tushe: akwai hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare, akwai kuma wanda ya ce duk wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi na lada. Kada ki je masa da niyyar kayar da shi a muhawara. Ki fara sanar da mahaifiyarki, ku same shi tare bayan ya ci abinci ya huta, ki durƙusa ki ce, "Baba, na yi abu ba da izninka ba. Na ga yara za su kashe shi ne na kasa wucewa. Ina roƙon kwana kaɗan in sama masa inda zai yi aiki." Ki ambaci adadin kwanakin, ki kuma cika. Idan ya ce ko kwana ɗaya bai yarda ba, to ranar nan ɗaya daga cikin samarin rukuninku ya zo ya ɗauke shi. Ai su ma masu tausayin ne.

Idan hankalinki ne bai kwanta ba game da tsarki, ki sani a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, jikinsa da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni. Malamai kan kawo labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da ake karantawa a zaurukan garin nan, cewa bangon gidansa ya faɗi sai ya ajiye kare don gadi. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Na kawo miki wannan ne don ki san kare mai aiki yana da gurbi a addini, kuma can ya kamata naki ya nufa: wurin mai garka a Miriya ko Gidimuni, ko makiyayi mai garke, ko maharbi, ko mai gadin da ke kwana a fili. Irin waɗannan suna neman kwikwiyo da ƙuruciyarsa don ya tashi ya san su. Sai dai a bincika wanda za a ba, domin akwai fataken karnuka da ke tarawa su yi kudu da su, inda ake cin namansu. Kyauta za a bayar, ga wanda aka san gidansa.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, ina so ki karanta ta sau biyu. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawu. Ta wurin cizo take shiga, ko yakushi, ko lasar wurin da fata ta fashe, sai ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta nuna, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara. Ciwon ya warke, kowa ya manta, sannan mutum ya fara zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa. Da zarar an kai nan, sai dai addu'a. Kafin a kai nan kuwa allura tana tsayar da ita, tun 1885 da Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro ita a Faransa.

Mutane sun ɗauka mahaukacin kare shi ne mai gudu yana kumfa yana cizon duk wanda ya samu. Akwai wannan, akwai kuma mai shiru: ya lafe a lungu, haɓarsa ta saki, yawu na zuba, ya kasa haɗiya, kamar ƙashi ya maƙale masa. Shi ne ke cin masu tausayi irinki, domin za ki sa hannu a bakinsa ki ciro ƙashin da babu shi. Kada ki taɓa yin haka. Kwikwiyo ma yana ɗauke da ita, kyanwa ma haka. Idan wannan da kika ƙwato ya cije ki ko ya yakushe ki ranar da kike kwance masa igiya, ko wasa ne, ki tafi asibiti yau ki faɗa musu.

Duk ranar da haƙori ko farce ya ratsa fata, ga abin yi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, a duba agogo, wani na tsiyayawa da buta wani na cuɗawa. Na san halin ruwa a Damagaram, amma ko jarkar ƙarshe ce da aka saya wurin ga-ruwa, a nan za ta ƙare. Sannan a shafa Bétadine, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake shafa wa ciwo, kada a ɗaure da ƙarfi, kada a cusa toka ko barkono ko ƙonannen gashin karen, a nufi asibiti a ranar, a nemi allurar cizon kare, a kuma cika dukkan ranakun da aka rubuta. Dabbar da ta yi cizon a killace ta likitan dabbobi ya sa mata ido kwana 10 zuwa 15, amma ba a zama jiran sakamakon kafin a fara allura. Ke kuma da hannunki ke cikin dabbobin titi kullum, ki tambayi likita allurar da ake yi tun kafin cizo, irin ta ma'aikatan dabbobi. Dabbobin kansu daga wata uku ake yi musu tasu. Ki je ofishin ma'aikatar kiwo ki tambayi kuɗinta da ranar da ake yi, ki karɓi takarda. Wannan takarda za ta yi miki amfani har a gaban Baba da maƙwabta.

Sai matasan rukuninku. Ina jin niyyarsu mai kyau ce, amma dubi yadda suka raba aikin: tsintowa minti biyar ne da hoto, riƙo kuwa wata biyu ne na tashin dare da kwasar kashi da kuɗin magani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin ki ce to, ku zauna ku yi magana a fili. Nawa kowa zai riƙa bayarwa a wata, ko jika ɗaya ce, kuma wa zai riƙe asusun? Wa zai kai dabba wurin likita? Wa ke neman masu karɓa? Idan wata biyu ya cika ba a sami mai so ba, gidan wa za ta koma? A rubuta a cikin rukunin kowa ya gani. Ke kuma ki faɗi naki: kyanwa kawai, ban da kare, ba a kawo wata sai wata ta fita, ba a ajiye miki kwali a zaure a tafi. A ganina biyar ɗin da ke hannunki sun riga sun yi yawa ga mai ɗinki a gidan da ba nata ba. Ki rage su zuwa biyu ko uku kafin ki karɓi ko ɗaya. Ki tuna kuma ke budurwa ce, gobe ana iya ɗaura miki aure, ba ki san ra'ayin gidan da za ki ba, kuma bai kamata ki bar wa mahaifiyarki garken kyanwoyi ba.

Mu Hausawa mun san riƙo. Goggo takan karɓi ɗiyar ƙaninta ta raine ta, ta so ta kamar ta cikinta, alhali tun ranar farko ta san wata rana za ta miƙa ta. Haka za ki ɗauki abin. Ranar rabuwa za ki ji zafi, wataƙila har da hawaye, babu laifi. Amma duk wadda kika kasa saki ta cinye gurbin wadda za a tsinto gobe. Masu so kuma suna nan: masu rumbu, masu sito da shagunan hatsi a Kasuwar Dole, matan da ɓera ya addabe su a ɗaki. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki fara cigiya tun suna shan nono, ki miƙa su in sun kai sati takwas suna cin abinci da kansu. Ki gaya wa mai karɓa cewa kyanwa ba ta rayuwa da ɓera kaɗai, sai an ba ta abinci da ruwa, ya kuma tsare ta a ɗaki kwanakin farko don kada ta gudu neman hanyar gidanku. Bayan sati biyu ki leƙa ki gani da idonki.

Akwai wani abu da zai rage miki kaya tun daga tushe. Yawancin ƴaƴan kyanwar da yara ke kawowa ba marayu ba ne, uwar ta fita neman abinci ne. Idan suna kwance a dunƙule, cikinsu a cike, jikinsu tsaf, uwar na nan kusa. A barbaɗa toka a kewayensu a ja da baya, a dawo bayan wasu awoyi. In an ga sawu a tokar, a bar su, a ajiye wa uwar ruwa da abinci. Babu renon da zai kai nata. Wanda ya tabbata maraya ne, abu mafi kyau shi ne a sami wata kyanwa mai shayarwa a haɗa mata, sau da yawa tana karɓa.

In kuma babu, kin riga kin ɗanɗana wahalar, amma bari in gyara miki wasu abubuwa. Jaririn kyanwa ba ya iya ɗumama jikinsa sai ya kai sati uku zuwa huɗu. A hunturu ki cika gora da ruwan ɗumi ki naɗe ta da tsumma ki sa a kwalin, ki bar gefen da zai matsa in ya ji zafi. In kin taɓa shi kin ji shi da sanyi, kada ki ba shi komai sai kin ɗumama shi a jikinki, domin cikinsa ba ya narkar da abinci a wannan hali. A bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ki bar kwalin ƙarƙashin rufin kwano. Madarar shanu, har da ta gwangwani, tana sa su zawo, zawo kuwa cikin yini ɗaya yake tafiya da su. In ba a sami madarar da aka yi musu musamman ba, nonon akuya ya fi sauƙi a cikinsu: a tafasa, a huce, a kaɗa ɗan gwaiduwar ƙwai. Da sirinji marar allura za ki ba shi, yana kife a kan cikinsa kamar yadda yake shan uwarsa, kansa a ɗan ɗage, ɗigo-ɗigo kina jira ya haɗiye. Kada ki kwantar da shi rigingine kamar jaririn mutum, madarar za ta faɗa huhu. Duk awa biyu zuwa uku za ki ba shi, dare da rana, a sati biyun farko. Bayan kowane ci ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa masa ƙarƙashin wutsiya a hankali har ya yi fitsari, domin shi kaɗai ba ya iyawa, uwar ce ke lashe shi. Daga sati huɗu sai ki fara sa masa dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, ko nama marar yaji. Duk da haka wasu za su mutu a hannunki, kamar na ukun nan na damana. Jariran da suka rasa uwa da wuri haka suke, kada ki ɗora wa kanki.

Kada ki taɓa ba kyanwa parasetamol, ƙwaya ɗaya tana kashe ta. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kyanwa da na kare, saboda haka ragowar miya ba abincinsu ba ce. Maganin kaska na shanu ko na kare, da maganin feshin sauro, kada su taɓa jikin kyanwa. Likitocin dabbobinmu sun fi sabawa da shanu da awaki da raƙuma, don haka ki faɗa a fili cewa na kyanwa kike nema, ki kuma faɗi shekarunta da girmanta, haka ma maganin tsutsar ciki. Duk sabuwar da ta shigo ki ware ta sati biyu, da kwanonta daban, ki riƙa wanke wurin da ruwan jabel. In kin ga gashi ya zube a zagaye a kunne ko fuska, maƙero ne, yana kama yara, a hana su ɗauka sai ta warke.

Matar yayanki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, kada ki yi mata dariya. Akwai wata ƙwayar cuta da ke fita a kashin kyanwa, ana ce mata tokzoplazma, wadda in mai ciki ta kamu da ita a karon farko tana iya taɓa abin da ke cikin. Amma ba a shafa kyanwa ko a gashinta ake ɗauka ba. Ta baki take shiga, daga hannun da ya taɓa kashin ko ƙasar da yake ciki, ko naman da bai dahu ba, ko salak ɗin da ba a wanke ba. Ƙwayar kuma sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje kafin ta iya kama mutum. Saboda haka ki zuba musu rairayi a tsohuwar roba nesa da madafa da randa, ki kwashe kullum da safe, ki wanke hannu da sabulu, ita kuma kada ta kusanci wurin har ta haihu. Ki zauna ki yi mata wannan bayani da ladabi, ta kuma tambaya in ta je awo. In ta haihu, kyanwa ba ta kwana ɗakin jariri.

Maganar aljannu ba zan daɗe a kanta ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Wannan ya ishe ki amsa ga mai tambaya da gaskiya. Sauran kuma wari da kukan dare da kyanwar da ta ci ƴan tsakin maƙwabciya su ne ke ba su abin faɗa. In gidanku tsaf yake, dabbobin kaɗan ne, an ga takardar allura, an kuma ga suna fita zuwa gidajen mutanen kirki, bakin zai mutu da kansa. In sun yi wa wani ɓarna, ki je da ƙafarki ki ba da haƙuri ki biya.

Waɗanda za ki riƙe na dindindin kuma ki yi tunanin haihuwarsu. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin sati tara ne, kuma takan haihu sau biyu zuwa uku a shekara, ƴaƴa huɗu ko fiye. Ki tambayi likitan dabbobi ko yana fiɗiye namiji, ko yana aikin cire wa mace mahaifa. Allurar hana haihuwa da wasu ke yi musu tana jawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono, ba na ba ki shawararta. In aikin bai samu ba, namiji ya fi miki sauƙin riƙewa.

Yaran unguwa da suka mai da gidanku wurin kawo tsintuwa, kada ki kore su, kuma kada ki ba su ko dala a kan dabba, in ba haka ba za su fara raba ƴaƴa da iyayensu don su sayar miki. Ki tara su a ƙofar gida ki koya musu dabarar tokar nan. Ki ce in sun ga dabba a wahala su zo su kira babba, kada su ɗauka da hannunsu, kada su jefi kare, kada su kusanci wanda ke cin abinci ko mai shayarwa. Ki kuma roƙi iyayensu alfarma ɗaya, domin yara da yawa suna ɓoye cizo ne don tsoron bulala: duk yaron da kare ko kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ya zo ya faɗa a ranar, ba wanda zai doke shi.